Me ya sa bugun jini a bayan gwiwa yake da wuyar samu?

Ɗalibar Jinya, Garwa:
Assalamu alaikum. A asibitin da nake koyon aiki ina samun bugun jini a wuyan hannu da bayan idon sawu cikin sauƙi, amma a bayan gwiwa na lalube har na gaji ban ji komai ba. Malamai, ina kuskurena yake?

Malamin Jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Babbar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya tana gangarowa ta cinya, ta ratsa wata kafa a cikin tsoka, sannan ta kwanta a can ƙasan ramin bayan gwiwa, dab da ƙashi. A samanta akwai jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jijiyar ji da motsi, ga kitse ya lulluɓe su duka. Ki kwantar da majinyaci rigingine, ki ɗan lanƙwasa gwiwarsa domin tsoka ta saki, ki ɗora manyan yatsunki a gaba, sauran kuma ki danna su sosai a tsakiyar ramin.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya, Ngaundare:
Malam ya yi bayani. Zan ƙara da cewa babbar jijiyar da ke kawo jinin tana fitar da ƙananan rassa 5 da ke kewaye gwiwa, kafin ta rabu a ƙasa, reshe ɗaya ya bi gaban ƙauri, ɗaya ya bi baya. Da yake a ɗaure take sama da ƙasa, gocewar gwiwa, irin wadda muke gani a hatsarin babur, tana iya yaga ta. Idan ƙafar ta yi sanyi ko ta koɗe, a garzaya wurin likitan tiyata, kada a tsaya wurin mai ɗori.

Ɗalibar Jinya, Garwa:
Na gode, Malam. Yau na gwada a kan abokiyar karatuna, na kuma ji shi.