Abin da aka tattara game da zafi, laima da ƙwarin masara a rumbu

1. A tattaunawar da aka yi kan yadda zafi da laima ke shafar ƙwarin da ke cin masara a rumbu, kusan kowa ya yarda cewa ƙwarin sun fi yin ƙwai idan zafin rumbu yana tsakanin digiri 25 da 30, iska kuma tana ɗauke da laima kamar a damina. Macen kan huda ƙwayar masara, ta ajiye ƙwai guda a ciki, sannan ta toshe ramin, shi ya sa manomi ba ya ganin ɓarnar sai bayan kimanin wata guda, lokacin da sababbi suka fito.

2. An kuma yarda cewa bushewar hunturu da sanyinsa suna rage yawan ƙwai, amma ba sa kashe waɗanda ke cikin ƙwaya.

3. Ra'ayi ya rabu a kan shanya. Wasu sun ce busar da masara har ta riƙa yin ƙara idan an cije ta ya wadatar, wasu suka dage cewa hatsi yakan sake shan laima daga ƙasa da bango, don haka sai an zuba shi cikin buhun PICS mai hana iska shiga. Hujjar waɗannan na biyu ta fi gamsar da ni.