Wa ya taɓa aiki a wurin wasan zamiya kan ƙanƙara? Ina neman shawara

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Denver, sai ga wani kamfani mai wuraren wasan zamiya a duwatsun Colorado ya ɗauke ni aikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Dala 20 a awa, za su ba ni ɗaki, ga katin shiga wasan kyauta. Ni ko takalmin wasan ban taɓa sa wa ƙafata ba. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku faɗa min gaskiyar abin kafin in ajiye aikin da ke hannuna.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam ƙanena. Hunturu uku na yi a yankin Summit da ke duwatsun Colorado, ina tsaron injin kujerun da ke hawa da mutane kan dutse. Aikin kansa ba wuya, ka tare kujera, ka zaunar da mutum, in yaro ya faɗi ka tsayar da inji. Tsayuwar cikin sanyi ce abin, tun kafin rana ta fito kana sheƙe ƙanƙara da shebur. Sannan tsawon wurin. Jos da muke kira gari mai sanyi mita 1,200 ne da ɗoriya, garuruwan can sun kusa 2,900. Makona na farko ciwon kai da haki kawai, hawa bene ɗaya sai na zauna.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, maganar ɗakin ce. Mu huɗu aka zuba a gida mai ɗaki biyu, kuɗin hayar daga albashi ake cirewa. Da arha, ban musa ba, don in ka nemi haya da kanka a garin albashinka gaba ɗaya ba zai ishe ka ba. Sai dai ɗakin da aikin igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Abokin kwanana ya samu saɓani da shugabanmu, aka sallame shi, aka ba shi 'yan kwanaki ya kwashe kayansa a tsakiyar Janairu. A mota ya kwana har dare uku. Tun daga nan ko an taka ni sai in haɗiye. Ka sa su rubuta maka kwana nawa za a ba ka in aiki ya ƙare, kuma awa nawa suka lamunce maka a mako. Shekarar da ƙanƙara ta makara, awa ashirin muka riƙa samu har tsakiyar Disamba, haya kuwa ba a rage ko sisi ba.

Maman Hanifa: Ni 'yar Damagaram ce, a yankin Savoie da ke duwatsun Faransa na yi, gyaran ɗakunan baƙi a otal, kwantiragin Disamba zuwa Afrilu. Ranar Asabar ce bala'in, masu hutun mako su fita da safe, sababbi su shigo da yamma, duk ɗakunan sai an gama su a tsakani. Bayana har yau yana tuna min. Amma wallahi ban taɓa tara kuɗi kamar lokacin ba, ci da kwana na otal ne, kuma ina za ka je ka kashe? Babu biki babu suna. Da kuɗin na rufa ɗakin mahaifiyata da kwano. Abinci ne sai ka yi hattara, mutanen dutse naman alade suke sa wa dankalinsu, narkakken cukunsu ma da giya ake dafa shi. Burodi da ƙwai sun sha wuya a hannuna.

Bakatsine a Yuta: Ni na dare nake yi, haɗa dusar ƙanƙara da inji. Ruwa da iska ake fesawa da ƙarfi su daskare kafin su sauka, sai sanyi ya wuce na daskarewar ruwa yake yiwuwa, shi ya sa mu kamar jemagu muke. Awa goma sha biyu, jan tiyo mai nauyi a kan gangare. Kuɗin ƙarin lokaci ne ke riƙe ni. Batun albashi kuma ba mu kaɗai ke kuka ba, a ƙarshen Disamba 2024 masu sintiri da ceto kusan 200 a wurin wasan Park City da ke nan Yuta sun yi yajin aiki na kusan mako biyu, aka ɗaga musu albashin farawa daga dala 21 zuwa 23. Katin nan kuma kar ka raina shi, baƙi ɗaruruwan daloli suke biya. Na koyi wasan ina ɗan shekara 34, na sha faɗuwa, yanzu ranar hutuna a kan dutse nake yini.

Baban Khalifa: Na manta Juma'a. Daga Juma'a zuwa Lahadi ne cikar kasuwarsu, da ƙyar a sake ka. Ka nemi hutun ranar tun wajen sa hannu. Naman halal daga garin Aurora da ke gefen Denver nake sayowa in cika firiza, don in guguwar ƙanƙara ta taso babbar hanyar I-70 da ta haɗa mu da Denver rufe ta ake yi. Azumi dai da sauƙi yanzu da yake faɗowa cikin hunturu, yini gajere, ƙishirwa kaɗan.

Ɗan Zazzau: Allah ya saka da alheri, Yaya, Anti, na gode ƙwarai. Na duba takardar, babu ko layi ɗaya a kan kwanakin barin ɗaki. Gobe zan kira su. Ɗakina na Denver kuma ba zan sake shi ba, ɗan uwana zai riƙe min zuwa Afrilu. Yaya Baban Khalifa, wane irin takalmi da safar hannu ka yi amfani da su, kuma kamfani ne ke bayarwa ko ni zan saya?