Shawarwari Kan Shirin Zaɓen Tsakiyar Wa'adi a Amurka

A zaɓen tsakiyar wa'adi na Amurka, wato wanda ake yi a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa, ana sabunta dukkan kujeru 435 na Majalisar Wakilai da kusan kashi ɗaya bisa uku na Majalisar Dattawa. Shawarar da mahalarta wata tattaunawa kan shirin wannan zaɓe suka fi nanatawa, kuma a ganina ita ce mafi nauyi, ita ce kowa ya duba rajistarsa tun da wuri, domin kowace jiha da nata ƙa'idojin, kuma wanda ya sauya gida sai ya sabunta adireshinsa. Sun kuma ce kada a manta da 'yan majalisun jihohi, waɗanda ke tsara dokokin zaɓe. Wanda aiki zai hana fita ranar Talata, wato ranar zaɓen, ya nemi jefa ƙuri'a kafin ranar ko ta gidan waya, inda jiharsa ta amince.