Wane irin maɓoya kuke yi wa kunkuru a gida?

Ɗan Gyallesu: Assalamu alaikum jama'a. Kawuna ya ba ni ɗan kunkuru, bai fi tafin hannu ba. Yau kwana 5 ya ƙi cin komai, ko latas ko rama, sai dai ya je ya cusa kai a bayan randa. Na kifa masa kwali, ko kallonsa bai yi ba. Ku da kuka daɗe kuna kiwonsu, yaya kuke yi?

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ai ya riga ya faɗa maka abin da yake so. Bayan randa akwai duhu, ga danshi, ga matsi. Kwalinka ya yi masa faɗi, shi kuwa so yake ya ji ƙoƙon bayansa na gogar bango. Ni tsohuwar tukunyar ƙasa na sa aka raba biyu, na goge bakinta da dutse har kaifin ya mutu, na kifa rabin a gindin gwaiba, na tura mata ƙasa ta gefe. Na fara gwada ƙwarya, ya dinga kifar da ita, daga baya ma ta yi fumfuna.

Malami a Samaru: Hajiya ta yi gaskiya, amma a yi biyu: ɗaya inda hantsi ke sauka, ɗaya a inuwa sosai. Jikinsu ba ya haɗa ɗumi da kansa, da sauya wuri suke daidaita zafi. Ni na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na yi wa nawa rumfa da guntun kwano, a watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40. Na dawo da azahar na tarar yana kumfa a baki. Da gudu na kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), Allah ya sa da sauran kwana. Kuma ƙanana suna son a riƙa yayyafa wa ƙasar ciki ruwa kaɗan. In bushewa ta yi yawa ƙoƙon yakan fito da tudu-tudu.

Dattijon Ƙofar Doka: 'Ya'yana, ku shirya wa girmansa tun yanzu. Namu ya haura shekara 20 a gidan nan, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da daɗi. Irin mai ƙaya a cinya ne, haƙa kuwa sana'arsa ce. Ya yi rami a gindin katangar ƙasa, muna ta dariya, sai ruwan Agusta ya cika ramin, da cebur muka tono shi cikin dare, gefen katangar ma ya zube. Bayan nan na sa magini ya jera bulo layi uku a kan tudu, aka rufa da katako mai kauri, aka zuba ƙasa a sama. Ƙofar na fuskantar kudu, don hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. In sanyin Disamba ya shigo nakan cika ɗakin da busasshiyar ciyawa, in rataya buhu a ƙofa. A riƙa duba katakon saboda gara.

Mai Shago, Sabon Gari: Allah ya ƙara girma, Baba. Ni ɓera ne ya ci wa nawa ƙafar baya cikin dare. Yanzu da magariba nake ɗauko shi in sa a baho mai murfin raga. Kada kowa ya zuba fiya-fiya kusa da maɓoyar don korar kwarkwasa, sauya masa wuri ya fi.

Ɗan Gyallesu: Na gode ƙwarai. Na samo fasasshen tulu a wajen Inna, na kifa shi kusa da randar. Ya shige tun la'asar, da safe na ga an gutsuri latas ɗin. Baba, bulon nan da siminti aka ɗaure ko jerawa kawai aka yi?