Wai shayi ne ya raba Amurka da Ingila?

Mai Shayi: Jama'a, ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa wai shayi ne ya sa Amurka ta ɓalle daga Ingila. Ni da nake dafa shi kullum a bakin tasha, dariya na yi. Gaskiya ne?

Malamin Tarihi: Yaron bai yi ƙarya ba, Malam. Yaƙi da Faransa ya bar Ingila cikin bashi, sai a 1765 ta ɗora haraji kan takardu da jaridu. Amurkawa suka ce ba su da wakili a majalisar Landan, don haka ba za su biya ba. Shayi ma an ɗora masa haraji, don nuna adawa sai a Disamban 1773 suka zubar da akwati 342 na ganyen shayi a tashar jirgin ruwan Boston.

Baffa: Ingila ta rufe tashar, 1775 aka fara harbe-harbe, 1776 suka ayyana 'yanci.

Mai Shayi: Akwati 342! Wallahi ni asarar ganyen ce ta dame ni.