Daga Zariya zuwa ƙofar jirgi: abin da masu naƙasa suka tarar a hanya

Mai buɗe zance, daga Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na buɗe wannan zance ne domin mu tara abin da kowannenmu ya tarar a tafiyar jirgin sama, mu masu naƙasa da kuma waɗanda ke yi mana rakiya. Zariya na da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tun 1964, amma wanda zai hau jirgin fasinja sai ya bi mota zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80, ko ya nufi Kano ko Abuja, saboda haka mai keken guragu kan isa filin jirgi ne jikinsa ya riga ya yi laushi. Dokar haramta nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama su tanadi kekuna masu kyau da ke aiki, su taimaka mana wajen hawa da sauka cikin aminci, su kuma ba mu fifiko a lokacin shiga da fita. Ina so mu ji yadda abin yake a aikace. Ina roƙo kada a ambaci sunan kamfani ko na ma'aikaci, a faɗi abin da ya faru kawai.

Wani mai keke, daga Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam. Tun da na samu rauni a laka sakamakon haɗarin mota ba na iya tsayuwa ko kaɗan, kuma abin da na fi fama da shi shi ne bayanin da na bayar wajen sayen tikiti ba ya isa ga mutanen da za su ɗauke ni. Na taɓa gaya wa dillalin tikiti halin da nake ciki dalla-dalla, ya ce ya rubuta, amma da na isa wurin awon kaya sai ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce abin da aka sa shi ne ina buƙatar keke zuwa gindin jirgi kawai. A nan na san cewa taimakon hawa uku ne, kowanne da alamarsa. WCHR na wanda ke iya hawa matakala ne amma doguwar tafiya ke ba shi wuya, WCHS na wanda ba ya iya hawa matakala amma yana iya takawa zuwa kujerarsa, WCHC kuwa na irina ne, wanda sai an kai shi har kan kujera. Yanzu ba na barin wurin dillali sai na ga haruffan nan huɗu a rubuce, sannan na kira kamfanin da kaina ana saura awa 48 tafiya na sake tabbatarwa.

A ranar da nake ba ku labari babu motar nan mai ɗaga mutum zuwa ƙofar jirgi, kuma jirgin a fili ya tsaya, ba a jikin gadar shiga ba. An bar ni har kowa ya shige, alhali da ni ya kamata a fara. Samari huɗu suka ɗora ni a kan wata siririyar kujera mai bin tsakanin kujerun jirgi, suka ɗaure ni da igiya ɗaya a ƙirji domin ta ƙafa ta tsinke, suka fara hawa da ni matakala da baya. A tsakiyar hawan ƙafata ta dama ta zame tana bugun ƙarfe, ni kuwa ba na jin ciwo a wurin, sai da na isa masauki na cire safa na ga fatar ƙwauri ta ɗaye. Ga mai ciwon laka ƙaramin rauni irin wannan kan ɗauki makonni bai warke ba. Da muka shiga ciki, ɗaya daga cikinsu ya cusa hannuwa ƙarƙashin hammatana ya ja ni zuwa kujera, riga ta tattare, mutane cike da jirgi suna kallo. Yaran nan ba mugaye ba ne, gumi suke yi suna ta ce mini sannu, amma babu wanda ya koya musu cewa kafin a taɓa mutum sai an tambaye shi ta ina za a kama shi.

Akwai kuma batun da muke jin nauyin faɗa, wato bayan gida. Kewayen ƙananan jirage ba ya shiguwa ga irina, saboda haka nakan rage shan ruwa tun daren tafiya, kuma idan aka jinkirta tashi da awa uku ko huɗu sai jiki ya gaya mini. Matashin da nake zama a kai ba na yarda ya tafi cikin kaya, da shi nake shiga in shimfiɗa a kujerar jirgi. Da muka sauka ma sai da masu shara suka shigo suka same ni zaune, kekena kuma aka turo shi ta inda akwatuna ke fitowa, birkin hagu a karye.

Wata Hajiya, daga Ƙofar Doka

Allah ya ƙara lafiya, Malam, Allah ya sa kaffara ne. Ni mahaifiyata na raka Umra bayan ta yi shanyewar ɓarin jiki, kuma abin da ya fi damunta tun muna gida shi ne maza su ɗauke ta. Likitanta a asibitin koyarwa na Shika ya cike mana takardar shaidar cewa za ta iya tafiya, magungunanta kuma na sa su a jakar hannu tare da takardar likita, ban bari sun shiga babban akwati ba. A wurin bincike na nemi mace ta laluba ta a keɓe, aka yi mana hakan ba tare da gardama ba. Wajen hawa ne na tsaya na ce ba za a ɗaga ta ba sai da mata, aka ɗan yi jira, sai ga ma'aikata mata biyu, muka haɗu mu uku muka zaunar da ita, ɗaya daga cikinsu har tana gyara mata hijabi tana kiranta Mama. Ban manta da yarinyar nan a addu'a ba.

Ina jan hankalin masu raka iyaye aikin Hajji. Tsofaffinmu da yawa suna ƙin keke don kada a ce sun gaza, alhali tafiyar da ke tsakanin ƙofar jirgi da wurin duba fasfo a Jidda ko Madina doguwa ce, ga tsayuwa a layi bayan zaman sa'o'i. A nema musu keken tun lokacin cike takardu, domin a ranar tashin maniyyata masu buƙata suna da yawa, kekunan kuwa ƙididdigaggu ne.

Wani malami makaho, daga Samaru

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Tawa matsalar ta sha bamban da taku. Da zarar na ce ina buƙatar taimako sai a turo mini keke, in ce ƙafafuna lafiya lau suke, wanda zan riƙe wa gwiwar hannu ya yi mini jagora nake nema, a ce ai hakan ya fi sauri. Idan kuma da ɗan rakiya nake, shi ake tambaya ina zan je, ko na ci abinci, ko zan iya sa hannu a takarda, ni ina tsaye a gabansu. Wannan ya fi komai ci mini rai.

An taɓa zaunar da ni a ɗakin jira aka ce za a dawo a ɗauke ni, sai aka canja ƙofar shiga, mai jagoran kuma aikinsa ya tashi ya tafi bai gaya wa wanda ya gaje shi ba. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ce ta karanta takardar shigata ta kama hannuna muka yi sauri. Sai dai na gamu da wanda ya san aikinsa. Wani ma'aikacin cikin jirgi ya durƙusa kusa da ni kafin a tashi, ya faɗi sunansa, ya ɗora hannuna a kan abin ɗaure ƙugu, ya ba ni abin shaƙar iska da rigar ceto na shafa na ji yadda suke, ya gaya mini yawan layukan kujeru da ke tsakanina da ƙofar gaggawa ta gaba da ta baya, ya kuma nuna mini maɓallin kira. Sandata mai naɗewa ya bar mini ita a ƙarƙashin kujera. Duk abin bai wuce 'yan mintuna ba, kuma a ranar ne kaɗai na ji cewa idan wani abu ya faru na san inda zan nufa.

Wata ɗaliba kurma, daga Gyallesu

Mu kurame ba a ganin naƙasarmu, don haka ba a tuna da mu. Jinkiri da canjin ƙofa da kiran suna duk ta lasifika ake yin su, allon sanarwa kuma sau da yawa a kashe yake ko yana nuna tsohon bayani. Nakan rubuta a wayata cewa ba na ji, in nuna wa ma'aikacin da ke bakin ƙofa, in zauna inda yake ganina, ina lura da mutanen da na ga tikitinsu irin nawa ne, idan sun miƙe in miƙe. Ban taɓa samun mai iya maganar hannu a wurin awon kaya ba. Ina roƙon a riƙa sa alamar DEAF a tikiti, makafi kuma BLND, a kuma riƙa aiko da kowane canji ta saƙon waya.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi, daga Kwangila

'Yan uwa, na yi shekaru ina tura keke da loda kaya, kuma duk abin da kuka faɗa gaskiya ne. Bari in nuna muku inda igiyar ke tsinkewa. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, ce ke riƙe da yawancin filayen, kamfanin jirgi ne ya sayar muku da tikiti, amma wanda ke tura keke galibi ma'aikacin wani kamfani ne na daban da aka ba kwangilar hidimar ƙasa. Bayaninku sai ya bi ta hannun dillali da kamfanin jirgi da shugaban masu aiki kafin ya iso gare mu, kuma sau da yawa ba mu san da mai keke ba sai mun gan shi. Motar ɗagawa kuwa, inda take akwai, sai an nema da wuri ake tanadarta.

Game da kekenku, ku ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare a gaban ma'aikaci, ku cire duk abin da ke ciruwa, kamar matakin ƙafa da matashi da abin sarrafa keken lantarki, ku liƙa takarda mai bayanin yadda ake naɗe shi da inda ake kamawa. Ku nemi a bar ku a kansa har ƙofar jirgi, a kuma sa masa alamar dawo da shi ƙofa idan an sauka. Masu keken lantarki su san irin batirinsu: idan na litiyom ne da ake cirewa, da shi ake shiga cikin jirgi, kuma ƙarfinsa bai kamata ya wuce Wh 300 ba, kamar yadda ake rubutawa a jikinsa. Ku faɗi tsayi da faɗi da nauyin keken tun farko, domin ƙofar ɗakin kaya ta ƙananan jirage gajera ce, a nan ne ake kwantar da keke a kan gefensa har ya lalace. Kada ku karɓi kujerar bakin ƙofar gaggawa, za a tashe ku, ku nemi wadda hannunta ke ɗagawa.

Wani dattijo, daga Tudun Jukun

Ni da kwagiri nake tafiya tun shan inna da na yi ina yaro, kuma a ganina ba laifi a ba yaran nan na goro. Albashinsu kaɗan ne, aikin kuma da nauyi.

Mai keke, daga Sabon Gari

Baba, ban ƙi ta taka ba, wanda ya yi niyyar alheri ya yi. Abin da nake tsoro shi ne ya zama sharaɗi, domin an taɓa tsayar da ni a wani lungu ana tambayata abin da zan bayar kafin a ci gaba da tura ni. Kuɗin tikitina ɗaya ne da na kowa, wannan hidima kuma tana cikinsa. Idan muka saba da biya, ɗan uwanmu da ba shi da ko sisi shi za a bari a ƙarshen layi.

Wata lauya, daga Kongo

Maganar Malam mai keke tana kan hanya, Baba, domin dokar 2018 ta sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuma Naira miliyan ɗaya, kuma wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024. Ɗana na tafiya da keke, don haka na bi wannan hanya da ƙafata. Idan keke ya lalace kada a fita daga filin jirgi sai an cike takardar rahoton ɓarnar kaya an karɓi kwafi. A tafiyar ƙasashen waje Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana bakwai kacal a shigar da koke a rubuce, kuma tana lissafa keke cikin kaya, da iyakar diyya da ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, alhali keken lantarki mai kyau kan ninka haka. A Amurka, inda kamfanoni ke lalata ko ɓatar da kekuna fiye da 10,000 a shekara, an cire wannan iyaka a tafiye-tafiyen cikin gida. A nan gida, idan kamfani ya yi shiru, a kai koke sashen kare haƙƙin fasinjoji na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, a aika kwafi ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da aka kafa a 2020, a haɗa da hotuna da tikiti da lambar kaya.

Wata uwa, daga Hanwa

Yaya lauya, na gode da wannan bayani. Yarona na da lalurar galahanga, ba ya jure hayaniya da tsayuwa a layi, kuma za mu tashi daga Kano bayan Sallah. An ce mini akwai alamar DPNA ta masu irin lalurarsa, na kuma sa dillali ya rubuta. Wanda ya taɓa tafiya da irin wannan yaro ya gaya mini ko ya fi kyau mu fara shiga jirgi kafin kowa, ko mu jira a waje har sai hayaniyar ta lafa.