Allon laptop ɗina ya yi baƙi bayan update na Ubuntu

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a, don Allah a agaza min. Laptop ce tokunbo da na saya a Banex Plaza, Abuja, mai katin hoto (graphics card) na NVIDIA a ciki, na ɗora mata Ubuntu 22.04, wato wani nau'in Linux a madadin Windows. Jiya da daddare ina cikin update aka ɗauke mana wuta a Kubwa, batirin kuwa dama ko minti 10 ba ya kaiwa, ta mutu. Da safe na kunna, allo baƙi ƙirin sai wani ɗan layi fari yana ƙyaftawa a kusurwa, fanka na ta hurawa. Wallahi project ɗina na ciki kuma ban ajiye shi a ko'ina ba.

Wani daga Nyanya: Ka yi format ka mayar da Windows ka huta malam.

Tsohon hannu: Haba, format a kan me? Fayilolinka na nan lafiya lau, hoto ne kawai bai tashi ba. Ƙanena danna Ctrl+Alt+F3, zai nemi username da password, in kana rubuta password ba za ka ga komai ba, haka yake. Sai ka buga sudo dpkg --configure -a ya ƙarasa abin da wuta ta katse, ka sake kunnawa.

Mai tambaya: Yaya, ta buɗe! Amma komai ya zama ƙato kamar wayar tsofaffi, HDMI kuma shiru.

Tsohon hannu: Direban NVIDIA ta ina ka sa shi?

Mai tambaya: Fayil ɗin .run na sauke daga shafinsu.

Tsohon hannu: To ga inda gizo ke saƙar. An ɗinka shi ne daidai da tsohon kernel, wato zuciyar tsarin Linux, update ya kawo sabo, in ba ka haɗa shi da DKMS ba, wato abin da ke sake ɗinka direba duk sanda kernel ya canza, rigar ba za ta shiga ba. Buga sudo nvidia-uninstall, sannan sudo ubuntu-drivers autoinstall. In Secure Boot, wato tsaron da ke hana direban da ba a tantance ba aiki, na kunne ya nemi ka ƙirƙiri password, wani allo shuɗi zai fito wajen tashi, ka zaɓi Enroll MOK, kar ka tsallake shi, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Bayan nan nvidia-smi zai nuna maka katin in ya kama.

Wata 'yar'uwa: Kafin duk wannan ka kwashe project ɗin a flash don Allah, ni na taɓa kuka a kan irin haka.

Mai tambaya: Na kwashe anti, na gode. Data ce ta ƙare min a tsakiyar saukewa, sai dare in sa ta dare.

Tsohon hannu: Ka kai ta inda ake da janareto dai.